Yadda Za a Zaɓa wa Dattijon Manomi Rigar Tallafin Baya, a Gwada Ta, a Yi Aiki da Ita

Tsufa daga kwankwaso yake fara kama manomi. Duk wanda ya tashi a gidan noma a ƙasar Garwa, Gidar ko Marwa a Arewacin Kamaru ya san wannan. Dattijo yana nan da ƙarfin riƙe fartanya, idonsa na rarrabe ciyawa da dawa tun tana ƙarama, amma idan ya kai ƙarshen kunya ya zo miƙewa sai ya dafe ƙugu, ya ɗan tsaya a karkace kafin bayan ya yarda. Ba banza aka yi wa noma kirari da na duƙe tsohon ciniki ba, domin firi da maimai, dashen masakwa (dawar rani) a ƙasar laka da ake kira karal, cirar gyaɗa, tsinkar auduga da dashen albasa a lambu duk a sunkuye ake yin su. Da yake kuma samari da yawa sun tafi birane ko sun koma sana'ar acaba, gonaki masu yawa sun rage a hannun mutanen da ya kamata a ce sun fara hutawa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Japan, ƙidayar noma ta 2020 ta nuna cewa matsakaicin shekarun waɗanda noma ne babbar sana'arsu ya kusa 68, a Amurka kuma ƙidayar 2022 ta nuna 58. Wannan na cikin abin da ya sa injiniyoyi suka duƙufa wajen ƙera na'urar da ake sawa a jiki kamar riga, wadda masana ke kira eksoskeleton, domin ta rage wa baya ko kafaɗa nauyi yayin aiki. Jagoran nan na ɗa ne ko ɗiya da ke tunanin saya wa mahaifi ko mahaifiya irin wannan riga, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da ke son gwada ta. Ra'ayina tun daga farko shi ne, amfaninta ga tsoho shi ne ya gama aikin da ya saba yi da ƙarancin ciwo, ya kwana lafiya, ya tashi da safe bai ƙage ba. Wanda ya saye ta domin Baba ya ninka kadadar da yake nomawa ya cuci Baba da kuɗinsa.

Yadda take aiki

Idan mutum ya sunkuya, kansa da ƙirjinsa da hannayensa, waɗanda sun fi rabin nauyin jikinsa, suna rataye ne a gaba, kuma tsokokin ƙasan baya ne ke riƙe da su kada ya kifa. Ko bai ɗauki komai ba, tsokokin nan suna aiki, suna kuma matse faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya. Rigar tallafi tana da sashen da ke kama kafaɗu ko ƙirji, da wanda ke kama cinyoyi, a tsakaninsu kuma akwai roba mai ƙarfi, ko sifirin, ko bututun iska. Lokacin sunkuyawa abin yana miƙewa ya tara ƙarfi kamar yadda danƙon harbin tsuntsu ke yi idan an ja shi, ya riƙe wani kaso na nauyin gangar jiki, sannan lokacin miƙewa ya mayar da ƙarfin ya taimaka wa mutum ya tashi. Nauyin bai ɓace ba, an karkatar da shi ne daga kwankwaso zuwa cinya da ƙafa, kuma wannan zai dawo mana idan mun zo maganar gwiwa.

Wani nazari da masana a ƙasar Holan suka fitar a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi kafin lokacin, ya nuna cewa rigunan da ba su da inji suna rage aikin tsokar baya da kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari. Sauƙi ne na gaske ga wanda ke yini a duƙe, amma yawancin aikin har yanzu jikin mutum ne ke yin sa.

Fara da sanin aikin da ke karya shi

Kafin a yi maganar kuɗi, a bi dattijon gona a kalli yadda yake aiki na yini guda, domin kowace riga da aikin da aka ƙera ta dominsa. Idan abin da ke wahalar da shi shi ne daɗewa a sunkuye yana tsaye a kan ƙafafunsa, kamar mai noma da gajeriyar fartanya, ko mai bin bayan mai dagi yana zuba ruwa a rami yana sa dashen masakwa a watan Satumba da Oktoba, ko mai dasa shinkafa a filayen kamfanin shinkafa na SEMRY a Yagwa da Maga, to rigar baya ce ta dace da shi. Haka ma mai ɗaga kwando ko ƙaramin buhu daga ƙasa zuwa amalanke sau da yawa a jere. Idan kuwa a tsugune ko a zaune yake aikinsa, kamar yadda mata da yawa ke cirar ciyawa a fangalin albasa, rigar baya ba za ta yi masa wani amfani ba, za ta ma iya tokare shi. Ƙaramar kujera ta tsugunno ta fi masa. Wanda kuma aikinsa tafiya ce mai nisa da kaya a ka, rigar za ta zame masa ƙarin kaya ne kawai, domin wasu irinta suna ja wa cinya baya a kowane taku.

Akwai rigunan kafaɗa, irin su Paexo Shoulder na kamfanin Ottobock na Jamus, ko ARM-1 da Kubota ya yi wa masu gonakin inabi a Japan, waɗanda ke tallafe hannu idan an ɗaga shi sama na tsawon lokaci. Aikin sama kaɗan ne a nomanmu, sai dai ga mai lambun mangwaro, don haka ba zan tsaya a kansu ba.

Daga nan sai a je asibiti. Wannan matakin ba a tsallake shi. Ciwon baya na gajiya daban ne da ciwon da ke sauka ta ɗuwawu zuwa ƙafa da tsami ko sagewa, daban ne kuma da ciwon bayan da ya zo tare da rama, zazzaɓi da gumin dare, wanda zai iya zama tarin fuka da ya shiga ƙashi. Likita ko mai gashin ƙashi na asibiti ya duba ko akwai ƙaba, ko hawan jini, ko jiri, ko lalacewar gwiwa, domin riga mai tura nauyi zuwa ƙafa za ta iya tsananta ciwon gwiwa. Tsofaffin mata da ƙashinsu ya yi rauni su yi hattara da irin da ke danna ƙirji. Mai ciwon suga kuma a lura da fatarsa, saboda ɗan gurjewar maɗauri na iya zame masa gyambo. A gaya wa likita gaskiya idan dattijon yana shan tramol domin ya jure aiki, kamar yadda ya yawaita a gonakin yankinmu, domin mutumin da ƙwaya ta kashe masa jin ciwo ba zai iya sanin ko rigar na taimakonsa ko tana ji masa rauni ba.

Mai batir ko marar batir

Riguna masu inji da batir su ne suka fi ɗaukar ido. HAL na kamfanin Cyberdyne, wanda Farfesa Yoshiyuki Sankai na Jami'ar Tsukuba ya kafa a 2004, yana karanta ɗan siginar lantarkin da ke fitowa ta fata idan mutum ya yi niyyar motsa tsoka, sai injin ya motsa tare da shi. Cray X na kamfanin German Bionic an yi shi ne domin masu ɗaga kaya a ma'ajiya da masana'antu. Fasaha ce mai ban sha'awa, amma ban ba manomin Arewacin Kamaru shawarar ya nufe ta ba a yanzu. Kuɗinta miliyoyin sefa ne, wasu ma haya kawai ake bayarwa, tana buƙatar caji kullum a ƙauyukan da wuta ba ta tsayawa ko babu ita sam, batirin litiyam ba ya son zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa, ƙurar hunturu kuma tana shiga kowace kafa. Idan ta lalace, mai gyaranta yana wata nahiyar.

Marasa batir su ne abin dubawa. Muscle Suit Every na kamfanin Innophys, wanda ya fito daga binciken Farfesa Hiroshi Kobayashi a Jami'ar Kimiyya ta Tokyo, ya shiga kasuwa a 2019. Nauyinsa kilo 3.8 ne, ana hura masa iska da ɗan famfon hannu kamar sau 30 zuwa 45, ƙarfin tallafinsa yana kaiwa kilo 25.5, kuma an yi shi ya jure ruwa da ƙura. Farashinsa na farko a Japan yen 136,000 ne ban da haraji, wato sama da sefa dubu 500 kafin kuɗin jirgi da na duwan (kwastan). Laevo ta Holan tana da faifan da ke tokare ƙirji da cinya. Sai waɗanda kusan duk yadi ne da roba, irin su Apex na HeroWear daga Amurka, mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi da makunnin da ake kashe tallafin idan za a yi tafiya, da LiftSuit na Auxivo daga Suwizalan, wanda nauyinsa bai fi kilo ɗaya ba. Ga dattijo marar jiki da zai yi aiki a rana, ni na fi karkata ga waɗannan masu sauƙin, ko da tallafinsu bai kai na masu ƙarfe ba, saboda rigar da ta yi nauyi ko ta yi zafi ƙarshenta a rataye take a bango.

A yi hankali da masu talla a intanet da ke sayar da ɗamarar ƙugu ta roba da sunan wannan fasaha. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bayyana tun 1994 cewa babu isasshiyar hujjar da ke nuna irin wannan ɗamara tana hana raunin baya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: rigar tallafi ta gaskiya dole ta haɗa saman jiki da cinyoyi, ta tsallake ƙugu. Abin da ya tsaya a ciki kawai ɗamara ce.

Da yake ba kaya ba ne da ake shimfiɗawa a kasuwar Garwa ko ta Kuseri, yawanci sai an yi oda ta hannun ɗan kasuwa a Duwala ko ɗan uwa a Turai. A auna tsayin wanda zai sa, da faɗin ƙugunsa da kaurin cinyarsa, a tura wa mai sayarwa, domin an yi su girma-girma. A tambayi iyakar zafin da take jurewa, ko ana cire yadinta a wanke, da kuma ko ana samun robar canji. A haɗa robar canjin da maɗaurai a oda ɗaya, kada a jira sai sun tsinke a tsakiyar damina.

Sawa da gwaji

Ranar farko a gida za a sa ta, da sanyin safiya, ba a gona ba. Yadda aka gabatar da ita yana da muhimmanci, domin dattijon da ya shekara 50 yana noma ba ya son a nuna masa cewa ya gaza. Ɗan ya fara sa ta da kansa a tsakar gida, ya sunkuya ya ɗauki bokitin ruwa, sannan ya ce, "Baba, ku ɗan gwada ku ji, idan ba ta yi muku ba sai mu cire." A fara da maɗaurin ƙugu, a zaunar da shi a kan ƙashin ƙugu yadda mahaɗar rigar za ta yi daidai da mahaɗar cinyarsa, domin idan ta yi sama ko ƙasa rigar za ta riƙa zamewa tana gurzar fata. Sai na cinya, a ɗaure yadda yatsu biyu za su iya shiga. Na kafaɗa shi ne na ƙarshe, kuma kada a matse shi har ya hana jan numfashi sosai. A sa tallafin a mafi ƙarancin ƙarfinsa. Ya sunkuya a hankali, ya miƙe, ya yi tafiya zuwa zaure ya dawo, ya juya hagu da dama, wani na tsaye kusa da shi, saboda turin da rigar ke yi lokacin miƙewa yakan ba mutum mamaki a karon farko har ya yi taga-taga. A koya masa cire ta da kansa har sai ya iya ba tare da taimako ba.

A gona, rabin awa ya isa a ranar farko. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har tsawon mako biyu, ana kuma ƙara ƙarfin tallafin sannu a hankali. Domin a san gaskiyar amfaninta, a ware yawan kunyoyi ɗaya a gona ɗaya, yau da riga, gobe babu, a lokaci ɗaya na yini. Kada a tsaya ga tambayar "Yaya kuka ji?", domin uba zai ce alhamdu lillahi don kada ya karya wa ɗansa gwiwa bayan ya kashe kuɗi. A kalli yadda yake tashi daga tabarma bayan sallar isha'i, da yadda yake ruku'u da asuba, a tambayi Inna ko ya nemi a shafa masa man zafi da dare. Kowace yamma a duba fatar cinya, ƙugu da hammata. Jan da ya baje cikin ɗan lokaci ba komai ba ne, amma wanda ya kwana, ko ƙuraje, ko sagewar ƙafa, ko sabon ciwo a gwiwa, ko nauyin ƙirji, alama ce ta a dakata, a sake daidaita maɗaurai, in bai daina ba a koma wa likita.

Akwai abubuwan da takardar kamfani ba za ta faɗa ba domin ba don mu aka rubuta ta ba. Ba a sa rigar a kan babbar riga ko jallabiya. Sai wando da 'yar shara ta auduga mai shan gumi, kuma kada ta taɓa fata kai tsaye. Mace mai ɗaura zane za ta buƙaci wando a ciki saboda maɗauran cinya, kuma gara a tattauna wannan da ita tun kafin a saya, ta bakin ɗiyarta ko surukarta. Ana cire ta domin alwala da salla da kewayawa, shi ya sa wadda ake cirewa cikin sauri ta fi dacewa. Ana cire ta kafin hawa babur ko keke ko jaki, kafin hawa bishiya ko shiga rijiyar lambu, da kuma kusa da injin niƙa ko na casa, inda bel zai iya fizgar maɗaurin da ke lilo. Game da zafi kuwa, duk abin da ya rufe baya yana hana gumi bushewa, tsofaffi kuma ba sa jin ƙishirwa da wuri, don haka a yi aikin riga daga asuba zuwa hantsi, a koma bayan la'asar, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba.

Maganar buhu

Nan ne na fi jin tsoro. Buhun taki kilo 50 ne, na masara kan kai 100, na albasa ma yakan wuce haka idan an yi masa toliya. Ma'aunin NIOSH na ɗaga kaya ya tsaya a kilo 23 ne ga ma'aikaci mai lafiya, shi ma idan kayan na kusa da jiki kuma ba a murɗa ƙugu ba. Rigar tallafi ba ta ƙara wa hannu ƙarfi, ba ta ƙara wa gwiwa, ba ta ƙara wa zuciya, ba ta kuma sabunta ƙashin mai shekara 70. Haɗarin shi ne mutum ya ji bayansa ya yi sauƙi sai ya tunkari abin da ya daina ɗauka shekara goma da suka wuce, ko yaran gida su ga Baba da riga su bar masa lodin amalanke. A kafa doka tun ranar farko: abin da ba ya ɗauka jiya, ba zai ɗauka yau ba. A raba buhu kashi-kashi, a kawo baro ko amalanke har bakin tari, a ɗaga kaya da gwiwa a lanƙwashe, a juya da ƙafa maimakon ƙugu.

A nan ya kamata a faɗi cewa wasu gyare-gyare masu araha suna gaba da riga a layi. Ƙota mai tsawo wadda maƙeri zai daidaita da tsayin mai ita, sungumi domin shuka a tsaye, garmar shanu ko ta jaki domin huɗa, da gayya a ranakun aiki mai nauyi, duk suna rage sunkuyo. Gidan da bai yi waɗannan ba tukuna, ya fara da su.

Saye a ƙungiya da ajiya

Kaɗan ne gidajen da za su iya sayen rigar su kaɗai, amma ƙungiyar haɗin gwiwar manoma da ake kira GIC, ko ƙungiyar masu auduga da ke hulɗa da kamfanin auduga na SODECOTON, ko adashin mata, za ta iya sayen ɗaya ko biyu ta gwada na shekara guda. Kalandar nomanmu ta dace da hakan, domin ayyukan ba sa haɗuwa duka a lokaci ɗaya: firi da maimai a Yuni da Yuli, dashen masakwa bayan ɗaukewar ruwa, tsinkar auduga daga wajen Nuwamba, albasa a rani. A rubuta sunayen masu karɓa, a fifita waɗanda suka fi shekaru kuma ba su da mataimaki, a sa ɗan kuɗin haya da za a tara domin robar canji, a naɗa mutum ɗaya da ya ƙware wajen daidaita ta ga kowane jiki. Abin da ƙungiyar ta gani, mai daɗi da marar daɗi, ta rubuta shi ta kai wa malaman gona da masu bincike na cibiyar binciken noma ta IRAD ko na makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa. Irin mai yadi da roba ba ta fi ƙarfin tunanin teloli da dukawanmu ba, amma ƙera ta a gida na buƙatar injiniya da likita su auna ƙarfin robar, domin wadda aka yanko daga tsohon tub na taya za ta iya tsinkewa mutum na sunkuye da kaya a hannu.

Bayan kowane aiki a kakkaɓe ƙura, a goge laka kafin ta bushe a mahaɗa, a wanke yadin da sabulu musamman idan za ta koma jikin wani, a shanya a inuwa domin rana tana cinye roba. Kada a zuba mata man inji sai in kamfanin ya ce a yi, saboda mai yana kama yashi. A rataye ta a ƙusa nesa da ƙasa, inda gara da ɓera ba za su kai ba, nesa kuma da taki da maganin feshi. Da safe kafin a sa, a girgiza ta saboda kunama, a ja kowace roba a duba ko ta fara tsagewa, a duba ɗinki da maƙalai. Idan mai iska ce, a ƙara mata iska idan ta saki, kuma idan aka ga tana saki kafin azahar alhali da safe aka hura ta, a ajiye ta har sai an gano inda take yoyo.